Babban Inji A Ƙaramar Mota

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana a kan wata al'ada da ta shigo wa masu motoci a ƙasarmu, watau cire injin da aka ƙera mota da shi a ɗora mata wanda ya fi shi girma.

Ni malamin awo ne a Ƙauran Namoda. Tun da reluwe ya iso garin nan a 1929, kayan gona na ƙasashen Shinkafi da Zurmi nan suke gangarowa. Jirgi ya daina zuwa, amma hatsi bai daina ba, yanzu mota ke ɗaukarsa. Wanda ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan bakin Gulbin Gagare ko na Bunsuru ya san abin da ke jiransa: rairayi da rani, taɓo da damina. Don haka ba na ganin wautar mai neman ƙarin ƙarfi ga motarsa.

Maigidan da nake yi wa awo yana da tsohuwar Land Rover, injinta na fetur mai silinda 4, lita 2¼, ƙarfin doki kamar 70. Da aka janye tallafin fetur a 2023, ga inji ya tsufa, sai ya aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo masa injin gas mai silinda 6, lita 4.2, irin na Land Cruiser, ƙarfin doki kusan 130. Ni aka sa rubuta abin da aka kashe, shi ya sa na san labarin.

Sayen injin shi ne mafi sauƙi. Da aka zo ɗorawa ya ƙi shiga, don ya fi ɗakinsa tsawo. Aka tura lagireto gaba, aka yanke ƙafafun inji aka yi waldar sababbi. Bakin inji bai dace da bakin giyabos ba, sai da aka kai wa mai tuni ya sassaƙa farantin ƙarfe a tsakaninsu. Makanikin gwani ne, ban ga laifinsa ba, abin da aka sa shi ya yi.

Amma jama'a, ku dubi abin da ya biyo baya. Maƙeran mota sun auna kowane ƙarfe gwargwadon ƙarfin injin da suka sa. In ƙarfi ya ninka, ba ɓacewa yake yi ba, sai ya bi ta kuloci, ya bi ta giya, ya bi ta farfela, har ya sami inda ya fi rauni ya karya. A motar nan kuloci ya fara ƙonewa. Aka sa mai ƙarfi, sai sandar da ke juya ƙafar baya ta murɗe ta tsinke, ran Alhamis kuwa, ana komowa daga kasuwar Shinkafi da buhunan gero. Lagireton da ya ishi ƙaramin inji bai ishi babba ba, da bazara ruwa yakan tafasa. Birki kuma yana nan yadda yake tun asali.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rairayin da aka yi wahalar dominsa. Sabon injin ya fi tsohon nauyi ƙwarai, sifirin gaba ya kwanta, hancin mota ya duƙa. Ta shiga yashi, direba ya taka, sai ƙafafu su yi ta haƙa wa kansu rami da ƙarfin doki 130. Tsofaffin direbobi, waɗanda suka yi aiki a hanyar Zurmi zuwa Jibiya kafin a gyara ta, sun ce mini yashi ba ya tsoron ƙarfi. Maganinsa a rage iskar taya don ta shimfiɗu, a sa ƙaramar giya, a rage kaya, a tafi sannu ba tsayawa. Na ga haka da idona.

Da a ce asarar kuɗi ce kaɗai, da ban dame ka ba, kowa da dukiyarsa. Amma kowa ya san halin da dajin Zurmi da na Shinkafi suka shiga a shekarun nan. Motar da ta mutu a daji da la'asar, ran direba da yaran mota da fasinja ne a ciki. Kayan motar da aka haɗa ta gambiza kuwa ba a samunsu a kanti guda, sai a kwana uku ana jiran saƙo daga Gusau ko Kano.

Akwai kuma batun takarda. Lambar inji tana rubuce a takardun mota. Wanda ya sake inji bai je ofishin lasin an gyara ba, zai sha tambaya a kowane shinge.

Shawarata ga mai niyya, kafin ya biya kuɗin inji ya zauna da makanikinsa su lissafta kuloci da giyabos da lagireto da sifirin da birki, ya gwada jimlar da kuɗin gyaran injinsa na asali. Ina kuma roƙon malaman sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura su rubuto mana bayani da Hausa a wannan fili, yadda za a karanta wa makanikai a gareji.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Malamin Awo,
Ƙauran Namoda.