Tuddan Yashin Mishigan Da Ƙayar Da Ke Fure Sau Ɗaya

A arewacin jihar Mishigan ta ƙasar Amurka akwai wani wuri da ake kira Sleeping Bear Dunes. Tuddan rairayi ne jere a gaɓar Tafkin Mishigan, wasu tsayinsu ya kai ƙafa 450 daga bakin ruwa. Ruwan tafkin ba na gishiri ba ne, amma faɗinsa kamar teku. Gwamnati ta killace wurin a shekarar 1970, kuma da zafi ya shigo iyalai kan yi tururuwa zuwa hawan tuddan.

A cikin wannan yashi ne wata ciyawa mai ƙaya take tsirowa, ana ce mata ƙayar Pitcher, sunan wani likitan soja, Zina Pitcher. Duk duniya ba a samunta sai a gaɓar tafkuna uku: Mishigan, Huron da Superior, a Amurka da Kanada. Ganyenta fari-fari ne saboda lallausan gashin da ya lulluɓe shi, wanda ke rage mata zafin rana. Saiwarta kan nutsa har ƙafa 6 wajen neman danshi.

Abin mamakin shi ne haƙurinta. Takan shafe shekara 5 zuwa 8 tana kwance a ƙasa, ganye kawai. Sannan ta miƙe, ta yi fure fari mai sirkin ruwan hoda, ƙudan zuma su yi ta zarya a kansa, ta zubar da iri, ta mutu. Shi ke nan, ba ta sake wani. Irin kuma ba ya kamawa sosai sai a buɗaɗɗen yashin da iska ke juyawa.

Shi ya sa gine-ginen bakin ruwa da tattakin masu yawon buɗe ido suka yi mata illa. Ga kuma ƙwarin da aka yaɗa don su kashe wasu ƙayoyin gona, sai suka koma cinye irinta. A 1988 Amurka ta sa ta cikin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu. A jihar Ilinoi ma ta ɓace ƙurmus, sai a 1991 masana suka fara sake dasa ta.

Don haka ake roƙon baƙi su bi hanyoyin da aka shata, iyaye kuma su kula da inda yara ke sa ƙafa. Taku ɗaya na iya shafe jiran shekara takwas.