Ranar da Inna ta ce hotonta ba ita ba ce

Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Roni, kuma finafinan Kano ne suka jefa ni cikin sana'ar. Tun ranar da na kalli Sangaya na ƙudurta sai na riƙe kyamara. Da ta kaset na fara, har a 2013 Allah ya hore mini Canon ta hannu.

Abin da amare ke so a lokacin shi ne "kala ta fito": ja ya yi jawur, kore ya yi shar, fuska ta yi fes. To, mai kuɗi shi ke da magana. Na bar kyamarar a kan tsarin launin da aka rubuta wa Standard, na ƙure ƙarfin kala, na ƙara haske. Daga Amaryawa har Gwiwa ana kira na, ni kuwa kaina ya kumbura.

Ranar sunan 'yar ƙanwata na ɗauki mahaifiyarmu. Na wanko hoton a Kazaure, na kawo mata ina jiran yabo. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, wannan 'yar gidan wane ne?"

Na ce, "Haba Inna, ke ce mana."

Ta ce, "A'a. Ni baƙa ce, haka mahaifinku ya gan ni ya kai sadaki. Wannan kuwa kamar an shafe ta da manja."

Mai karatu, wallahi jikina ya yi sanyi. Na sake dubawa. Fuskar ta yi ja, tsagar kumatunta ta ɓace cikin haske, zanenta na shuni ya koma wani abu daban.

Daga nan na shiga bincike. Ashe kyamara ba ta miƙo launi yadda yake. Fassara shi take yi, kuma tsarin launi shi ne ƙa'idar fassarar. Matsalar ma tsohuwa ce. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto katin gwaji mai hoton wata Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da fatarta ake daidaita kala. Sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da baƙar mace. Ko a 2021, da Google ta fitar da wayar Pixel 6, abin da ta yi talla da shi har da gyaran yadda baƙar fata ke fita.

Ga abin da na koya, ko zai amfani ƙannena masu tasowa. Na farko, ka zaɓi tsari mai sanyi: Neutral ko Faithful a Canon, Neutral a Nikon. Vivid da Landscape ka bar wa duwatsun Roni da shukar damina, kada ka ɗora wa fuskar mutum. Na biyu, ka nuna wa kyamara mene ne fari. Ka riƙe farar takarda a daidai inda mutumin zai zauna, ka saita da ita, domin jan bangon ƙasa da tampol ɗin rumfar biki duk suna rina fuska. Idan da lamba za ka saita, hasken rana wajen 5,500 ne a ma'aunin Kelvin, inuwa wajen 7,000, tsohon ƙwan lantarki mai ja wajen 3,200. Na uku, ka auna haske da fuska. Idan ango ya sha farar shadda, kyamara za ta tsorata ta rage haske, fuskarsa ta koma duhu.

Shi kuwa tsarin Log da 'yan industiri ke yayi, hotonsa fari-fari yake fita kamar an ɗauka cikin hazo, sai an zauna a kwamfuta an mayar masa da kala. Idan jibi za ka miƙa aiki, ka rabu da shi. Mai waya kuma ya kashe abin nan mai goge fuska.

Daraktocinmu su ma su duba. Muna zargin 'yan mata da shafe-shafen bilicin, alhali mu ne ke nuna masu a allo cewa kyau sai da fari.

Bayan mako guda na zaunar da Inna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida bayan la'asar, na sake ɗauka. Da ta gani ta yi murmushi ta ce, "Yauwa, yanzu na ga kaina."

Allah ya yi mata rasuwa a 2019. Hoton nan ne rataye a ɗakina, kuma da shi jikokin da ba su riske ta ba suka san kakarsu: baƙa, mai tsaga, cikin zanenta na shuni. Allah ya jiƙan ta da rahama.