Rainon Bishiya a Bakin Hamada

Bishiyar da ke tsaye a bakin hamada, daga arewacin Sakkwato da Katsina har zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa, ruwan wata uku ko huɗu take samu, da shi za ta yi maneji har shekara ta zagayo. Abubuwa uku ne ke kai ta ƙasa: fari, da ƙwari, da iska. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, suka ga itatuwan da suka tsira da waɗanda suka bushe a tsaye, ba sa raba ukun nan. A wurinsu ƙishirwa ce ke fara karya lagon itace, ƙwaro ya tarar da shi a raunane ya shige shi, iskar farkon damina ta zo ta ƙarasa aikin. Wanda ya wayi gari ya ga bishiya kwance ya ɗora wa hadarin jiya laifi, ya makara da shekaru, domin matsalar a saiwa ta faro.

Itatuwan da suka saba da wannan ƙasa, irin su gawo da aduwa da magarya da bagaruwa, sai sun gama da ƙasa kafin su kula da sama. A shekarunsa na farko gawo ba ya burge kowa, ɗan tsiro ne mai ƙaya da bai fi gwiwa ba, alhali saiwarsa ta nutsa tana neman damshi mai nisa. Wannan ne ya ba shi damar yin abin da sauran ba sa yi: ya kakkaɓe ganye da damina, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, sannan ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abin ci.

Daga nan ne darasin ban-ruwa ya fito, kuma a nan yawancin masu dashe a gida da makaranta da bakin titi suke yin kuskure. Sukan zuba ɗan kwano ɗaya kullum safiya a gindin bishiyar. Ruwan ba ya wuce tafin hannu a ƙasa, saiwa kuwa inda damshi yake nan take bi, sai ta kwanta a sama inda rana ke ƙona ta. Ranar da mai gida ya yi tafiya, ko famfo ya ɗauke, bishiyar ta yi yaushi nan da nan. Masu gogewa sukan yi wa dashen kwari a kewaye, su cika shi da ruwa mai yawa, su bar shi ya sha kwanaki kafin a ƙara, don saiwa ta bi ruwan ƙasa. Wasu sukan binne tulun ƙasa a gefe, a cika shi a rufe bakinsa, yana tsattsafowa sannu a hankali. Idan bishiya ta girma kuma, wurin ba ta ruwa shi ne inda inuwarta ta ƙare, domin can ne ƙananan saiwoyi masu sha suke. Ruwan da ke kwanciya a jikin kututture ruɓa yake kawowa.

Akwai lahanin da ake sayowa da kuɗi tun daga gandun raino. Irin da ya daɗe a cikin leda, saiwarsa takan nannaɗe kanta a gindin ledar, kuma ko an dasa shi haka za ta ci gaba. Irin wannan bishiya takan yi kyau shekara biyar ko shida, rana ɗaya iska ta tumɓuke ta, a ga gindin dunƙule guda ba abin da ya riƙe. Shi ya sa ƙaramin iri mai miƙaƙƙiyar saiwa ya fi dogo mai ban sha'awa. Lokacin dashe kuma sai ruwa ya zauna sosai, ba ruwan farko ba, ba kuma na ƙarshen damina ba. Bayan haka sai tsaro, don akuya takan kashe dashe da yawa. Shingen ƙayar magarya ko na bulo shekara biyu zuwa uku ba ƙawa ba ne.

A ƙasar fako, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, manoman yankin Tawa sun ga amfanin tassa da rabin wata: ramuka ne da ake haƙawa da rani a zuba taki, su tare ruwan sama. Gara takan zo cin takin, ta haƙa hanyoyi a ƙasa, ruwa ya bi su ya nutse. Sau da yawa 'ya'yan itacen da ke cikin kashin dabbobi sukan tsiro a ramin da kansu.

Wannan ya nuna cewa gara ba kullum take abokiyar gaba ba. Busasshen abu ta fi so, kuma idan aka ga ta yi wa bishiya rufin ƙasa har sama, galibi akwai mataccen ɓangare ko ƙishirwa da ta riga ta. Baƙin itatuwa irin su turare ne ta fi yi wa ɓarna suna ƙanana. Ana kankare rufin, a zuba toka a gindi, a janye busasshiyar ciyawar da aka shimfiɗa don kada ta taɓa kututture. Ƙwaro mai huda itace ya fi ta wuyar sha'ani, don ba a ganinsa sai alamarsa: ƙananan ramuka a ɓawo, da garin itace mai laushi zube a gindi. Feshi ba ya kai wa tsutsar da ta riga ta shige ciki. Abin yi shi ne a sare reshen da ya kamu a ƙone shi nesa, a kuma gyara shan ruwan bishiyar. Shi kuwa kauci, tsuntsaye ne ke manna irinsa a reshe, ya kafa kansa yana tsotse ruwan mai masaukinsa. Fizge shi ba ya magani, sai an yanke reshen ƙasa da inda ya kama.

Babban darasi a kan ƙwari dogon yaro ne ya bayar. Daga ƙasar Indiya aka kawo shi, ya karɓi ƙasa, aka cika tituna da kasuwanni da shi har ya zama kamar ba a san wata bishiyar inuwa ba. A shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya auka masa a yankin Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1990 kuma aka ga dogon yaro yana zubar da ganye yana bushewa daga sama a Nijar da arewacin Najeriya. Garin da duk inuwarsa iri ɗaya ce, cuta ɗaya ta isa ta bar shi a rana. Cakuɗa iri, na gida da baƙo, shi ne abin da masu hangen nesa suka koma yi.

Iska iri biyu ce. Ta hunturu tana busar da ganye, tana tone yashi daga gindi har saiwa ta fito fili. Maganinta a mayar da ƙasa a rufe. Mai karya itace ita ce wadda ke zuwa daga gabas gabanin ruwa a farkon damina. Bishiyar da aka datse wa kai don ciyar da dabbobi ko don wayar lantarki takan fito da tarin sabbin rassa masu rauni a mahaɗa, su ne farkon ɓallewa. Gyaran da ya dace shi ne a rage cunkoson rassa tun bishiya tana ƙarama, da makami mai kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ƙaramar bishiya idan za a ɗaure ta da sanda, sai a sassauta, domin kaɗawa ce ke ƙarfafa gindi. A cikin gari kuma akwai ɓarnar da ba a lissafawa: a yanke saiwar gefe guda wajen haƙa magudana, ko a daɓe gindi da siminti, ko masu neman magani su ɓare ɓawon maɗaci har ya zagaye. Itacen da ɓawonsa ya yanke zagaye, galibi mutuwa yake yi komai girmansa.

Bishiya ɗaya tilo a fili ta fi shan wahalar iska. A kwarin Majiya na jihar Tawa, tun daga 1975 aka fara dasa dogon yaro layi bibbiyu, tsakanin kowane shinge da na gaba kimanin mita 100, amfanin gona kuma ya ƙaru a tsakaninsu. Shinge mai kyau ba ya toshe iska ɗungum, tace ta yake yi ta fita a gajiye.

A yankin Maraɗi kuwa, daga 1983, hankali ya koma kan kututturen da ake sarewa kowace shekara wajen sharar gona. Saiwarsa tana nan da rai, ta riga ta yi zurfi. Maimakon a sassabe tohon duka, sai a zaɓi biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a gyara su, a cire sauran. Wannan shi ne sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 na gonakin Nijar. Haka ake bi da bishiyar da iska ta karya: idan saiwa ba ta tumɓuke ba, a daidaita wurin karayar da zarto, a kare kututturen daga dabbobi, a jira tohon damina kafin a zaɓi waɗanda za a bari.