Masu Wucewa da Masu Sallama

Rumfar mahaifinmu tana cikin Kasuwar Kurmi, a layin dukawa, inda warin sabuwar jima ke tarar mutum tun kafin idonsa ya kai kan kaya. A nan na tashi. Tun ina firamare, da an tashe mu nake wucewa can in cusa tim-tim, in goge alabe, in jera takalma a bakin rumfa. Kasuwar da ake cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wa zai yi tunanin wata rana sai an yi mata shela? Baƙo in ya zo Kano, ya ga marinar Ƙofar Mata, ya shiga Gidan Makama, ya hau Dala, to a wurinmu yake ƙarewa, ɗan jagora na gaba yana biye. Lokacin hawan Sallah kuwa ko abinci ba ma samun sukunin ci.

Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 ce ta katse wannan. Bayan hare-haren da aka kai cikin gari da dokar hana fita da ta biyo baya, ƙafar baƙi ta ɗauke cak. 'Yan gari suna sayen takalmi da alabe, amma tim-tim da manyan jakunkuna, waɗanda su ne ribar rumfa, sai suka zauna suna shan ƙura. Baba, Allah ya ji ƙansa, ba mai ƙorafi ba ne. A kuɗin cefane na gane halin da muke ciki.

Na gama difloma ke nan, ba aiki, kuma na saba da shiga kafe. Na ce masa, "Baba, tun da sun daina zuwa, me zai hana mu kai musu kayan har gida? Ku ba ni dama in buɗe mana shafi a intanet." A shekarar ce Jumia da Konga suka fara a Legas, ko'ina ana ta zancen cinikin intanet. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga buzun da yake zaune a kai ya ƙirgo mini kuɗi. Na kai wa wani saurayi da ya iya haɗa shafuka. Cikin mako uku ya gama: hotuna manya-manya, sunan rumfarmu da ruwan zinare, rubutu kaɗan da Turanci. Na yi zaton aiki ya ƙare, saura kirga kuɗi.

Wata uku shiru. Akwai wurin da ke nuna yawan waɗanda suka leƙo, kullum sai na biya kuɗin awa a kafe don in duba, kullum ba su cika yatsun hannu ba. A cikin wannan damuwa na ci karo da tallar wani da ya yi alkawarin turo dubban baƙi in an biya shi. Na biya, daga cikin ɗan abin da ya rage. Kwana biyu sai ga lamba ta yi sama. Na ruga kasuwa da takardar da na buga, na miƙa wa Baba ina rawar jiki.

Yana tsaka da ɗinkin wata gafaka, basilla a hannu. Bai karɓi takardar ba. Ya ce, "Cikin mutanen nan da kake faɗa, wa ya yi sallama?" Na ce babu. "Wa ya taya?" Na ce babu. Ya ce, "To ai ba baƙi ka yi ba, ɗan nan, masu wucewa ne. Ka san mutum nawa ke bi ta ƙofar rumfar nan daga safe zuwa la'asar? Ka taɓa ganin na ƙirga su?"

Daga baya na gano ashe ko masu wucewar ma ba su ne ba. Manhajoji ne da aka saita su buɗe shafi su rufe cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba ido, ba aljihu. Har yau in na ga matashi yana murnar lambar da ya saya, wannan rana nake tunawa, kuma ina jin ciwon kuɗin, domin na san daga wane buzu aka fara ciro su.

Tambayar Baba ta sa na koma na zauna na karanta yadda Google ke zaɓen abin da yake nuna wa mai nema. Abu biyu na riƙe. A lokacin shi dai kalmomi yake karantawa, kyan hoto bai dame shi ba, kuma shafinmu kusan bebe ne. Sannan yana duba ko wasu shafukan da ake girmamawa suna nuno naka. Wannan bai zame mini baƙon abu ba. Haka fatake suke yi tun da can: baƙon ɗan kasuwa ya sauka gidan fatoma, fatoma ya ce wane amintacce ne, shi ke nan ciniki ya faɗa. Shaida ce, an dai sauya mata riga.

To me zan rubuta? Ni ba baduku ba ne na sosai, boko ya ɗauke rabin hannuna. Amma na lura duk wanda ya tsaya a rumfa tambayoyinsa ba sa wuce huɗu zuwa biyar, kuma Baba ya shekara arba'in yana amsa su. Sai na fara ajiye waya kusa da shi ina naɗar muryarsa. Da farko ya ƙi, ya ce shi ba mawaƙi ba ne. Da na ce masa jikoki nake tara wa, sai ya saki jiki. Ya yi bayanin yadda majema ke cire gashi, da yadda ake jiƙa fata a ruwan bagaruwa har ta jemu. Ya faɗi dalilin da ya sa fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta fi kowace laushi da ƙarko, wadda fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Ya bambanta jan karan dafi da jan kanti, ya faɗi yadda ake haɗa kuloko don baƙin launi. Ya nuna yadda za ka gane fata ta gaske da roba: ka shinshina, ka duba bayanta, ka lanƙwasa ka ga ko ta yi tamoji irin na jikin mai rai. Da daddare in zauna in juye maganar a rubuce, kowace tambaya da shafinta, da Hausa a sama, Turanci a ƙasa.

Turawa na nufa da wannan aiki duka. Ba su ne suka fara sallama ba. Kiran farko daga Kumasi ya zo, wani malamin makarantar allo a zango yana neman gafaka goma saboda ɗalibansa za su yi sauka. Ya ce ya rubuta kalmar gafaka a wayarsa, mu muka fito a sama. Dalilin a fili yake: a wancan lokaci rubutun Hausa a intanet bai taka kara ya karya ba in ka cire labarai da waƙoƙi, Google ma sai a ƙarshen 2013 ya saka Hausa cikin harsunan da yake fassarawa. A Turanci muna gogayya da manyan kantunan duniya, a Hausa kuwa fili ne fetal ba kowa. Bayan Kumasi sai Yamai, sai Yawunde, sai wata baiwar Allah daga Jidda mai haɗa kayan ɗakin 'yarta tana son tim-tim irin na gidan kakarta. Kasuwar da muka rasa ba ta dawo ba, wata ce ta buɗe wadda ban taɓa sa ta a lissafi ba.

Waɗannan masu sayayya su suka koya mini sauran. Na ga yawancinsu ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ, domin wayoyinsu ba su da su, sai na riƙa saka kalmar ta fuska biyu a inda ya dace. Wani ya kira ya ce katinsa ya ƙare hoto bai gama buɗewa ba. A daren na rage nauyin hotunan duka. Da Google ya fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya a Afrilun 2015, mu mun riga mun gyara, ba don wayo ba, don mutanenmu ba su da kwamfuta tun farko. Na sa aka yi mana hatimin ƙarfe, kowane kaya ya fita da adireshin shafi da lambar waya a jikin wata 'yar fata. Wani malamin jami'a da ke rubutu kan sana'o'in gargajiya ya nuno shafinmu daga nasa, wannan shaida guda ta fi mini duk tallar da na taɓa biya. Facebook da WhatsApp kuwa na ɗauke su 'yan jagora: su kamo hannun mutum su kawo shi rumfa. Ban yarda in tare a can gaba ɗaya ba, kamar yadda abokaina da yawa suka yi, domin zanen aro ba ya rufe katara.

Sai dai ni ma ashe a aro nake. A 2016 naira ta faɗi, biyan kuɗin waje da katin banki ya yi wuya, kuma sunan shafinmu da dala ake sabunta shi. Na nemi saurayin da ya haɗa mana, ya bar gari, lambarsa ba ta shiga, kuma da sunansa ya yi rajistar, ba da namu ba. Ina ji ina gani wa'adi ya cika, shafi ya rufe. Sa'ar da na yi rubuce-rubucen suna nan a ajiye. Na sake rajista da sunana a ƙarƙashin .com.ng, wanda ake biya da naira, na mayar da komai. Amma matsayinmu a Google ya tafi, sai da muka yi watanni muna rarrafe, ga kaya masu ɗauke da tsohon adireshi sun bazu a ƙasashe. Lambar wayar da ke jikin 'yar fatar nan ce ta cece mu. Na bi tsofaffin masu sayayya ɗaya bayan ɗaya ina sanar da su, Baba na gefe yana karɓar waya yana gaisawa da waɗanda bai taɓa gani ba, yana tambayar iyali da damina.

Shekara biyu bayan rasuwarsa, wata ranar Laraba da hantsi, wani dattijo mai farin rawani ya tsaya a bakin rumfa ya yi sallama da Hausar da ta sha ruwan Gana. Tsohuwar gafaka ce rataye a kafaɗarsa, na gane ɗinkin tun daga nesa. Ya ce ya zo Kano ziyarar malamai, ya ga bai kamata ya koma Kumasi bai gaisa da mai bayanin bagaruwa ba. Na faɗa masa. Ya yi salati, ya zauna a kan buzun, ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a, dukawan layi suka taso suka shafa tare da mu. Da ya gama na ɗauko waya na kunna masa naɗin ranar da Baba ke bayanin gafaka, ana jin ƙarar kasuwa a bayansa da bugun guduma daga rumfar maƙwabci. Dattijon ya kara kunnensa, bai ce komai ba har muryar ta ƙare. Sannan ya ce in sake kunnawa.