Jirgin Mutum Huɗu

Jiragen sama na farko da suka taɓa sauka a Kano sun sauka ne ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Guda uku ne na sojan saman Ingila, daga Masar suka taso. Bayansu ne aka yi wani Bature mai suna Bud Carpenter, wanda ya mallaki ƙaramin jirgi na ƙashin kansa, yana zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko, layin dogo ne jagoransa. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya, a 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci har labarinsa ya zaga duniya. Sha'awar sama daɗaɗɗiya ce a wurin Bakano. Abin da ke ƙaranci shi ne kuɗin da zai kai mutum can.

Namu jirgin bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ba ya ɗaukar ko ɗan tsako, kuma batirinsa ba ya cika rabin sa'a a sama. Jirgi ne marar matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ƙirji, samfurin Phantom 4 na kamfanin DJI, na hannu muka saya. Duk da haka ya fi ƙarfin aljihun kowane ɗayanmu, sai da muka haɗu mu huɗu. Dukkanmu 'ya'yan ma'aikatan Challawa ne, mun tashi a Panshekara muna gane lokaci da jiniyar masana'antu, kafin da yawansu su yi shiru. Ni na karanta ilimin labarin ƙasa, ɗaya ya karanta safiyo, ɗaya mai ɗaukar hoton biki ne, na huɗunmu kuwa akawu ne a wani kamfanin fata. Kasona na tara shi ne daga alawus ɗin bautar ƙasa, naira 33,000 a wata, mahaifiyata ta cika mini da ɗaukar adashinta. Ni da akawu muka sa kashi talatin-talatin, sauran biyun ashirin-ashirin.

Lissafinmu mai sauƙi ne. Masu masana'antu a Challawa da Sharaɗa suna buƙatar duba rufin rumbunansu kafin damina ba tare da an tura yaro ya hau kwano ba. Masu noman rani a gaɓar kogin Challawa suna son sanin ainihin faɗin gonakinsu, dillalan filaye kuma suna son hoton da zai sayar da fegi. Aiki akwai shi. Sai dai tun watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa ta hana tayar da irin wannan jirgi ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Saboda haka jirginmu ya yi watanni a cikin akwatinsa, a ƙarƙashin gadon akawu, muna bin takardu. Kullum mahaifiyata ta tambaye ni ko ya tashi, sai in ce da saura kaɗan.

A wannan zaman jira muka fara sanin cewa mai jirgi ba ya rayuwa shi kaɗai. Wani magidanci a Sharaɗa da ya shekara da dama yana wannan sana'a ya zaunar da mu a ofishinsa, ya baje mana takardun da ya cika, ya nuna mana wadda ke gaba da wadda ke baya, tun daga rajistar kamfani. Shi ya gaya mana kada mu karɓi aiki a Bompai da garaje, domin tana kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma kada mu haura mita 120 ko da mai aiki ya roƙa. Wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ya koya mana cewa zafin Afrilu yana kumbura batir, don haka ba a barinsa cikin mota, ba a kuma ajiye shi cike na tsawon kwanaki. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga injinan farfela ta cinye su a hankali. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya nemi ko kwabo, alhali gobe mu ne abokan gogayyarsu a kasuwa.

Wanda ya fi kowa tasiri a kanmu wani dattijo ne a unguwarmu, tsohon bakaniken jiragen sama, wanda ya yi aiki da kamfanin Nigeria Airways har ya durƙushe a 2003. Da muka kai masa jirgin ya gani, ya juya shi a hannu, ya shinshina batirin, sa'annan ya tambaye mu littafinsa.

“Wane littafi, Baba?” in ji mai hoto.

“Samari,” ya ce, “jirgin da ba shi da littafi ba jirgi ba ne, abin wasan yara ne. Wa ya tayar da shi, yaushe, a ina, minti nawa, me ya gani da ya sauka. Ku rubuta. Kuma ku rubuta abin da za ku yi ranar da ya faɗi, tun yanzu da kuke dariya da juna.”

A tabarmarsa muka rubuta yarjejeniyarmu, shafi biyu, da limamin masallacin layinmu a matsayin shaida. Liman ya tuna mana abin da malaman Malikiyya suka faɗa game da tarayya: riba da asara suna bin gwargwadon jarin kowa, kuma abokin tarayya amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwa sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka gindaya. Muka ƙara namu sharaɗi, cewa jirgi ba ya fita sai da sanin mutum biyu, kuma ba ya tashi bayan magariba.

Wata bakwai muka yi muna aiki lami lafiya. Sa'annan, ana saura kwana uku mu fara aiki mafi girma da muka taɓa samu, duba rufin wasu rumbuna shida a Sharaɗa, mai hoto ya ɗauki jirgin da dare zuwa wani biki, bai gaya wa kowa ba. Farfela ta kama wayar lantarki. Da safe ya zo da shi a cikin leda, hannu ɗaya a karye, kyamara tana reto.

Takarda ta riga ta yanke hukunci, shi zai biya. Amma takarda ba ta san cewa mahaifinsa yana kwance a asibiti ba, kuma kuɗin bikin nan na magani ne. Akawu ya ce a sayi kasonsa a sallame shi, domin wanda ya karya amana sau ɗaya zai sake. Mai safiyo ya ce a yafe baki ɗaya, mu raba asarar. Ni kuwa adashin mahaifiyata nake gani a cikin ledar nan, ina kuma ganin yaron da muka yi makarantar allo tare yana zaune kansa a sunkuye. Kwana biyu ba wanda ya kira wani.

Baba ne ya aiko a kira mu. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya buɗe littafin, ya miƙa wa mai hoto biro, ya ce ya rubuta tashin daren nan da hannunsa, kamar yadda aka rubuta sauran. Da ya gama, Baba ya dube mu ya ce, “Idan kun yafe masa kuɗin, kun yaga takardarku, gobe wani zai ɗauka da dare. Idan kun kore shi, ranar da wani a cikinku ya sami matsala zai ɓoye. A sana'armu bakaniken da ya ɓoye kuskure shi ke kashe mutane. Wannan ya kawo muku shi a leda, bai ce an sace ba.” Aka tsaya a kan zai biya gyaran duka, amma daga kasonsa na riba, wata-wata, ba tare da an taɓa jarinsa ba. Kuɗin asibiti kuma muka haɗa masa daga aljihunmu, ba daga asusun jirgi ba, don kada zumunci da lissafi su cakuɗe.

Saura aikin Sharaɗa, ga jirgi a wurin mai gyara yana jiran kayan da za su zo daga Ikko. Magidancin nan da ya nuna mana takardu yana iya karɓe aikin a yini ɗaya, domin ya san mai rumbunan. Maimakon haka sai ya turo yaronsa da jirginsa da batir uku, ya ce mu gama aikinmu, mu biya yaron ladan yini. Da na je yi masa godiya, ya ce shi ma an taɓa yi masa haka, kuma duk mai tayar da jirgi yana da ranarsa.

Na sha jin ana cewa tarayya ba ta ɗorewa a tsakaninmu, wai gara mutum ya mallaki akuya shi kaɗai da ya haɗa saniya da ɗan'uwansa. Ina ganin wannan ra'ayi yana cikin abubuwan da ke hana matasa irina motsi, domin kayan aikin zamani sun fi ƙarfin mutum ɗaya, bashin banki kuma ba na ɗan talaka ba ne. Iyayenmu mata sun riƙe adashi shekara da shekaru da ƙa'ida da sanin ya kamata. Abin da ke rusa tarayya shi ne a shiga da soyayya kaɗai, ba rubutu, ba shaida, ba na gaba da za a kai wa ƙara. Mu mun sami ukun nan, shi ya sa ranar da bango ya tsage ƙadangare bai sami wurin shiga ba.

Mai hoto ya gama biya a wata na tara. Yanzu littafin yana hannunsa, kuma babu wanda ya kai shi tsanani a kan sharaɗin magariba. Na mayar wa mahaifiyata kuɗinta kafin zagayen adashi na gaba. A watan jiya wasu 'yan mata biyu da suka gama karatun aikin gona suka zo da tambayar yadda za su haɗa kuɗi su sayi nasu, don auna gonakin shinkafa a Kura. Akawu ya fito musu da takardun hukuma, ni na kwafa musu shafi biyun nan, sa'annan muka ce su sayi littafi mai bango mai kauri, ranar Asabar za mu raka su wurin Baba.