Gwajin ƙwaya a wurin aiki: fitsarin wa ake karɓa?

Jama'a, tun da Buba Marwa ya karɓi NDLEA a 2021 yake kiran a riƙa yi wa ma'aikata da 'yan siyasa gwajin ƙwaya. Ni ina goyon baya. Binciken UNODC na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ba wanda zai so ɗansa ya shiga motar direban da ya sha tiramadol da asuba.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu kamfani ke aiwatar da shi. A inda nake aiki, ranar gwaji direbobi da masu gadi da leburori ne suka yi layi da 'yan kwalabensu. Manya suna ofis cikin sanyin AC, ba wanda ya tambaye su. To wa ya ce shaye-shaye ya san mataki na albashi?

Sannan an sanar da ranar tun mako biyu kafin ta zo. Kodin da tiramadol fa kwanaki kaɗan suke yi a fitsari su fita, sai wiwi ne kan daɗe makonni a jikin mai sha kullum. Kenan ƙwararren ɗan ƙwaya zai kame bakinsa na mako ɗaya ya wuce fes. Wanda zai faɗa tarkon shi ne mai sikila da likita ya rubuta wa maganin ciwo mai ƙarfi, ko wadda aka yi wa tiyata kwanan nan. Wannan ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari bai san takardar likita ba, kuma yana iya kuskure, shi ya sa a ƙa'ida sai an sake tabbatarwa a ɗakin gwaje-gwaje. Kamfani nawa ne ke biyan kuɗin gwaji na biyun? Namu dai wallahi bai biya ba. Kafin la'asar sunayen mutum uku sun zaga har wurin mai shayi a bakin ƙofa.

Idan za a yi doka, a rubuta a ciki: gwajin ba-zata ga kowa har manajan darakta, a tambayi maganin da mutum ke sha kafin a karɓi fitsarinsa, sakamako ya zama sirri, wanda aka kama karon farko a tura shi wurin magani da albashinsa. Ɗaya daga cikin ukun can yana da 'ya'ya shida, har yau yana gida.