Amalanken katako na Seun Adigun

A watan Fabrairun 2018 ina shagon cajin waya a Kura, ƙafafuna duk laka, wani yaro ya nuna mana bidiyo: mata biyu sanye da kore da fari suna tura wani abu kamar kwale-kwale a kan ƙanƙara, sai suka faɗa ciki ya yi gaba da su. Ya ce wai 'yan Najeriya ne. Muka tuntsire da dariya. Mu ƙanƙarar da muka sani ai ta cikin zoɓo ce.

Amma turin nan ya tsaya mini a rai. Ni ma tun asuba turi nake yi: amalanke cike da kwandunan tumatir, daga gonarmu ta bakin kanal zuwa titi, inda motar Kwanar Gafan ke jira. Wanda ya taɓa yi ya san wahalar duk tana takun farko.

Daga baya na nemi labarin matuƙiyar. Sunanta Seun Adigun, an haife ta a Chicago a 1987. Ta yi wa Najeriya tseren tsallake shinge na mita 100, ta ci zinare a gasar Afirka ta Nairobi a 2010, amma a Olamfik ɗin Landan na 2012 tun zagayen farko aka fitar da ita. Sai ta koma wannan tseren na ƙanƙara. A Houston take zaune, garin zafi, ga kayan da tsadar tsiya. Ta sassaƙa nata da katako, ta sa masa suna Maeflower don tunawa da 'yar'uwarta da ta rasu. Shi suka riƙa turawa da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga har suka isa Pyeongchang a Koriya ta Kudu, tawaga ta farko daga Afirka a wannan wasa. Su ne suka zo na ƙarshe a ranar, babu batun ɓoyewa.

Bana na tuna da ita. Furojet ɗina na'urar busar da tumatir ce, kuma wata biyu na yi ina jiran kuɗin ƙarfe da gilashi, alhali Baba ya ce idan na maimaita shekara to in dawo gona. Ranar wata Asabar na tafi Bunkure wurin kawuna kafinta, muka harhaɗa ta da ragowar katako da farar leda.

Zubin farko ya yi fumfuna, don na manta ƙofar fitar iska. Na biyu yana kan rufin ɗakin Inna, jibi zan je in duba.